Ƙofar Radiyya a Gidan Maidaji

Guangzhou, 5 ga Yuni, 2008

Gwaggo Saude,

An binne Dogara shekaranjiya Talata bayan azahar, a maƙabartar Musulmi da ke bayan gari. Na san Ghali ya sanar da ke rasuwar ƙanensa, amma ya ce mini ba kya jin magana sosai ta waya, shi ya sa na rubuta. Wani ɗan Kantin Kwari da zai taso gobe zai kawo miki.

Ina gaishe ki, ina yi miki ta'aziyya. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri, ke da kika riƙe shi tun yana ɗan yaye. Wataƙila ba za ki tuna ni ba. Ni ne Munkaila ɗan Souleymane na Maradi, jikan ƙanen mahaifinki Maidaji. Na taɓa kwana a zaurenku na Fagge ina yaro. Shekara biyu ke nan ina sayen kaya a nan, kuma Dogara ne ya tarbe ni ranar da na sauka.

Ga yadda abin ya faru. Ranar Laraba ta makon jiya ya tafi Xintang, garin da ake ɗinka wandunan jins, don ya duba kayan wani mutumin Kano. Yana tsaye yana gwada zif ɗin wanduna ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, sai ya ce kansa na sarawa, ya nemi kujera. Mai ma'aikatar ya sa shi a motarsa ya kai shi asibiti. Likitoci sun ce jininsa ne ya hau. Bai jima yana wahala ba. Takardun hukuma ne suka jinkirta jana'izar.

An taru sosai. Mutanen Kano, na Maradi, na Mali da na Ghana duk sun zo, domin yana cikin mutanenmu na farko da suka zauna a garin nan, tun lokacin da ba ka samun mai amsa maka sallama da Hausa. Wani dattijo ɗan Kumasi ya ce Dogara ne ya koya masa cin abinci da tsinke, ya faɗa yana dariya, sai kuma ya kasa ƙarasawa.

Zalika ta shiga takaba. Ba ta fita, ƙanwarta ce ke yi mata cefane. Radiyya kuwa ta ɗauka babanta yana Xintang bai dawo ba. Zalika ta ce in gaishe ki, in kuma tambaye ki yadda kuke yin sadakar arba'in a gidanku, don tana so ta yi yadda zai yi miki daɗi.

Ɗanki,
Munkaila

Fagge, Kano, 20 ga Yuni, 2008

Munkaila,

Na tuna ka, na kuma tuna mahaifinka. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya a kan ɗan'uwanka. Muna lafiya, sai gwiwata da ta saba ciwo da damina.

Na karanta wasiƙarka har ƙarshe, ƙarshen ne ya tsaya mini. Wace ce Zalika? Wace ce Radiyya? A saninmu, tun da matarsa ta farko ta rasu ba haihuwa, ɗan'uwanka bai sake aure ba. Ya zo Babbar Sallah shekara biyu da suka wuce, ya zauna a gabana a kan tabarma, bai ambaci mace ba, bai ambaci ɗiya ba. Ka rubuta sunayen nan kamar na san su. Ban san su ba.

Bari in gaya maka dalilin da maganar ba ƙarama ba ce. Mahaifina Maidaji ya baro ƙasarku ne yana gudun aikin tilas na Faransawa, ya iso Kano shekarun da jirgin ƙasa ya fara zuwa, lokacin ɓangarenmu na Fagge fili ne da bukkokin fatake. Ya gina gidan nan da cinikin gyaɗa. Ya auri Banufiya, ya auri Buzuwa, uwata kuma Shuwa ce. Da zai rasu ya tara mu ya ce ba a sayar da gidan, a bar zaure ga baƙi, kuma duk wanda jininsa ne, ko ina aka haife shi, yana da ƙofa a ciki. Haka muke bi har yau. Kowane ɗa yana da sashensa, idan ya rasu 'ya'yansa su gada.

Sashen ɗan'uwanka yana rufe. Idan bai bar ɗa ba, na Ghali ne duka, kuma Ghali na bukatarsa, babban ɗansa zai yi aure ba shi da ɗaki. Idan akwai ɗiya, rabi nata ne, matar tana da tumuni, sauran na Ghali. Ni ba na gadon komai a ciki, don haka kada ka ɗauka son rai ke magana.

Na kai maganar ga limamin unguwa, shi ke raba mana gado. Ya ce a kawo mutum biyu da suka halarci ɗaurin auren, suka ji siga da kunnensu. Ya ba mu lokaci zuwa bayan ƙaramar Sallah. Na ga fuskar Ghali ta canza.

Sadakar arba'in mu za mu yi a nan. Ita ta dakata tukuna.

Gwaggonka,
Saude

Guangzhou, 8 ga Yuli, 2008

Gwaggo,

Na samu wasiƙarki. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar. Mu ma lafiya, sai zafi da ruwa kullum.

Na yi kuskure da na ɗauka kin sani. Kowa a nan ya san su, ban taɓa tunanin gida bai sani ba. Ga abin da na tabbatar.

Sunanta na gida Ma Xiulan, na Musulunci Zalika. Mutanenta Musulmi ne tun kakanni, daga wani gari kusa da Lanzhou, can arewa. Kawunta yana da gidan taliya kusa da masallacin Huaisheng, inda mutanenmu ke ci bayan sallar Juma'a, nan Dogara ya gan ta. An ɗaura auren shekara huɗu da suka wuce a saman gidan taliyar. Mahaifinta ne waliyyi, wani malami ɗan Mali ya ɗaura, malamin kuwa ya rasu bara. Akwai jar takardar aure ta gwamnati, amma na san ba ita liman ke nema ba. Radiyya shekararta uku. Goshinku ne da ita.

Shaidu daga ɓangarenmu biyu ne, Harouna da Illa, dukansu 'yan Maradi. Ba ko ɗaya a nan yanzu. Saboda wasannin Olamfik da za a yi a Beijing wata mai zuwa, an tsananta biza. Wanda tasa ta ƙare, idan ya je sabuntawa, amsa ɗaya ce: meyo, wato babu. Harouna ya koma Maradi a watan Afrilu. Illa ba wanda ya san inda yake.

Ban so in gaya wa Zalika abin da kika rubuta ba, amma ta tambaye ni amsar arba'in ɗin. Na tsaya daga bakin ƙofa na faɗa mata da ɗan Sinancin da na iya. Ta ce da Hausarta mai tsinkewa: "Amma mun aika alewa."

Ta ce a al'adarsu ana raba alewa mai jar takarda ranar aure. Dogara ya ce mata mu ma goro da alewa muke rabawa, duk gidan da suka shiga ya san an ɗaura. Makon bikin babu goro a duk Guangzhou, sai suka cika kwali da jar alewa da dabino. Ita ta naɗe shi da hannunta. Illa zai bi ta Kano, aka ba shi ya kawo miki, ya yi miki bayani, tunda ɗa ba ya buɗe baki ya gaya wa uwar riƙonsa wai ya yi aure. Ta ce da Dogara ya dawo daga Babbar Sallah, ya gaya mata kin ce alewar ta yi albarka.

Wani abu kuma. Mahaifinta ya ce idan ta fita takaba zai zo ya mayar da su gida. Ya ce idan dangin miji ba su san da yarinyar ba, to ta zama tasu, za su canza mata suna ta tashi a can. Bai faɗa da fushi ba. Mutumin kirki ne.

Na aika wa Harouna saƙo ya zo ya same ki.

Munkaila

Guangzhou, 12 ga Agusta, 2008

Gwaggo,

Ina fatan kina lafiya. Wata guda ya wuce ban ji daga gare ki ba.

An buɗe wasannin ranar Juma'a. Garin ya cika da tutoci, kowane kanti da talabijin a kunne, amma benen da muke da shaguna rabinsa a rufe. Ni ma an ƙara mini kwanaki kaɗan ne kawai a biza, sai da na tsallaka iyaka zuwa Makawo na dawo kafin a ba ni su. Sahunmu a masallaci ya ragu, har ana iya ƙirga baƙaƙen fata da ido.

Jiya na kai musu shinkafa. Radiyya ta jawo ni ta nuna mini hotonki da ke jikin bango, wanda kike sanye da koren mayafi. Ta ce, "Kaka." Kalmomin Hausa da ta sani ba su da yawa, wannan na ciki. Babanta ya koya mata ta gaishe da hoton kowace safiya, har yanzu tana yi, tana durƙusawa.

Na sake karanta layinki na ƙarshe, inda kika ce ita ta dakata. Idan ma'anarsa kun yanke ba ku karɓe su ba, ki faɗa mini a fili, in daina ba matar nan haƙuri da abin da ba zai zo ba. Ta yi sadakar arba'in ɗinta ita kaɗai, ta soya wani irin fanke nasu ta aika masallaci. Ta ce in ce miki ki yi haƙuri, ba ta iya dakatawa ba.

Ki gafarce ni idan na yi kaushi.

Munkaila

Fagge, Kano, 26 ga Agusta, 2008

Munkaila,

Wasiƙunka biyu suna gabana. Na amsa ta farko tun a watan Yuli, na ba wani da zai tafi, aka hana shi biza a Legas, ya dawo mini da ita a aljihu bayan mako uku. Na yaga ta, ga sabuwa. Ba ka yi kaushi ba. Da na ce ta dakata, nufina kada ta yi wahala da kashe kuɗi kafin mu san juna. Na ga yadda ya fito a rubuce, bai fito da kyau ba.

Kwalin ya zo. Na tuna shi sarai.

Ranar ina gidan suna a Gwammaja. Na dawo na tarar da shi a tsakar gida, aka ce wani baƙo ya sauke shi a ƙofa yana sauri motar Maradi za ta tashi, ya ce saƙon ɗan'uwanka ne, a raba, a yi addu'a. Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan. Na buɗe na ga alewa ja da rubutun Sinawa, sai na ce sadaka ce ya yi saboda kasuwa ta buɗe. Na raba wa duk layinmu. Liman ya samu, Ghali ya kwashi nasa, ni ma na ɓoye kaɗan a cikin kwalla ina tsotsa bayan la'asar. Da goro ne a ciki, ko ƙwaya goma, da na tsaya na tambaya.

Da ya zo Sallah na ce masa alewar ta yi albarka, an raba, an yi addu'a. Ya sunkuyar da kai ya ce ya gode. Ya jima a zaune, yanzu na gane jira yake in tambayi lafiyarta. Da ban tambaya ba, ko ya ɗauka kunya ce irin tamu, ko ya ɗauka ban so auren ba. Allah ya sa ta farkon ya ɗauka. Wannan ne ke hana ni cin abinci.

Na tara mutanen gida na gaya musu. Matar Ghali ta ce ita dai ta san alewar ta yi ɗanɗanon madara, aka yi dariya, ni ma na yi. Liman ya ce ya tuna ya sha, amma alewa ba ta shaida.

Harouna ya zo ranar Lahadi. Ya zauna a zaure ya faɗi ranar, ya faɗi sadakin, ya kwatanta tsohon da ya ba da auren har da farar hularsa. Liman ya karɓa. Saura ɗaya. Harouna ya ce rabonsa da Illa tun bara, ya ji dai yana harkar Agadas.

Ghali ya ce shi ba ya jayayya da shari'a, amma ba zai ba da ɗakin ɗansa a kan labarin alewa ba. Ban ga laifinsa ba.

Ka gaya wa Zalika na gode da fanken. Ka tambaye ta me yarinyar take ci, tana cin yaji? Ka auna mini tsawonta da zare ka aiko, zan kai wa tela.

Saude

Guangzhou, 17 ga Satumba, 2008

Gwaggo,

Barka da shan ruwa. Ina fatan azumin yana zuwa da sauƙi. Ga zaren a cikin ambulan, inda na ƙulla nan ne kafaɗarta. Tana cin yaji fiye da ni.

Na karanta wa Zalika wasiƙarki, ina fassarawa a hankali. Da na zo inda kika ɓoye alewa a kwalla sai ta rufe fuska da mayafi. Ta ce in gaya miki Dogara bai taɓa cewa ba ki so ba. Abin da yake cewa shi ne, Gwaggo ba ta magana a kan abin da take so, sai dai ta yi. Ban ƙara komai a kai ba, haka ta faɗa.

Na samu Illa. Na bi ta wurin wani lauban, wato mai kanti, a unguwar Tianhe, wanda Illa ke sayen wayoyi a hannunsa, ya ba ni lambar ƙaninsa a Zinder, ƙanin ya haɗa mu. Yana Dirku, can cikin sahara, yana jiran motocin Libiya. Da na gaya masa Dogara ya rasu, sai da ya kashe wayar ya sake kira. Ya ce ranar ya yi sallama a ƙofarku aka ce ba kya nan, bai ga ya dace ya faɗi maganar aure ga matan da bai sani ba, ya yi niyyar dawowa bayan mako guda, hanya ta ɗauke shi. Na ce masa ba wannan ake nema ba yanzu, bakinsa ake nema a gaban liman. Na tambaya ko zai yi shaidar ta waya. Ya ce a'a, saƙon da aka ba shi da ƙafa, da ƙafa zai kai. Zai biyo ayarin da zai sauko Agadas kafin Sallah.

Mahaifin Zalika ya iso shekaranjiya. Mun sha ruwa tare a gidan taliyar. Na gaya masa wasiyyar Maidaji, ƙanwar Zalika na fassarawa. Ya tambaya ko ɗakin yana da taga, na ce ban sani ba. Ya ce ba ɗakin ne ya dame shi ba, tunda yarinyar ba yanzu za ta zauna a ciki ba. Abin da yake so shi ne a kira sunanta a gaban danginta, a ce tasu ce. Idan aka yi haka zai bar mata sunanta, zai bar uwarta ta ci gaba da zama a nan inda take jin Hausa, kuma idan ta yi wayo a kawo miki ita. Idan ba a yi ba, za su tafi a tsakiyar Oktoba.

Kwanakina ni ma suna ƙarewa a ƙarshen Oktoba. Ina so in bar su da amsa.

Munkaila

Fagge, Kano, 3 ga Oktoba, 2008

Munkaila,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. Jiragen sun fara cika kuma, wannan za ta iso ka da wuri. Tare da ita akwai ƙullin kaya: riga da zane na atamfa, da ɗankwali, sai turmi ɗaya na Zalika don ranar fitar takaba. Na sa goro a tsakiya, a jiƙa shi da zarar ya isa.

Ka gaya wa tsohon ɗakin yana da taga, tana kallon bishiyar darbejiya.

Liman ya sa zaman gobe Asabar bayan la'asar. Ya ce ba zai sake ɗagawa ba, gado ba ya son jinkiri, kuma masu jiran ɗaurin auren ɗan Ghali sun matsa. Idan shaida ta biyu ba ta zo ba, zai raba a kan abin da ya tabbata a gabansa.

Illa ya kira Harouna daga Agadas ranar Sallah, ya kira daga Maradi jiya. Daga nan wayarsa ba ta shiga. Harouna ya ce takardun Illa na tafiya sun ƙare tun yana sahara, yana tsoron a tsayar da shi a kan iyaka.

Jiya bayan la'asar Ghali ya shigo ɗakina. Ya ga zaren da ka aiko a rataye a ƙusa, ya tambaya na mene ne, na gaya masa. Ya ɗauka ya auna a jikin ƙafarsa, ƙullin ya tsaya kaɗan sama da gwiwarsa. Ya jima yana kallo. Sannan ya ce, "Gwaggo, idan mutumin nan ya maƙale a hanya aka raba, ɗakin zai zauna mini a wuya." Na ce masa shari'a ba ta ɗora masa komai ba. Ya ce ya sani. Ya ce ɗansa zai iya fara zama a ɗakin haya kamar kowa.

Yau da sassafe ya ɗauki motarsa ya tafi Jibiya, yana da abokin makaranta a can da ya san ma'aikatan iyaka. Bai taɓa ganin Illa ba, Harouna ne ya kwatanta masa shi: dogo, mai tabo a haɓa.

Na sa an share sashen, an buɗe tagar. Mai kai wasiƙar yana zaure yana jira, jirginsa na yamma ne, don haka zan rufe a nan. Wani direban Katsina ya gaya wa Harouna ya ga motar Ghali ta baro Jibiya da hantsi da mutum biyu a ciki. Ghali bai kira ba tukuna.

Gwaggonka,
Saude